Takardar Juyi ta Ɗaki na Goma Sha Huɗu

A gidan kula da tsofaffin da na fara aiki, cikin wani ƙaramin garin manoman alkama a Dakota ta Arewa, kowace ƙofa tana da takarda maƙale a bayanta. Takardar juyi muke ce mata. Duk tsohon da ba ya iya motsa jikinsa, ƙa'ida ce a juya shi kowace awa biyu, don kada naman da ya kwanta a kai ya mutu ya zama gyambo. In kin juya shi, sai ki sa haruffan sunanki a gurbin wannan lokacin.

Sunana Corinne Vasko. Shekarata ashirin da uku a lokacin, digirina na aikin jinya bai yi wata biyu a hannuna ba. Ni ce ta uku a ajinmu, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa hakan ba.

Safiyar da na fara, na tarar da Darla Huseby, nas ɗin da ta shekara goma sha tara a gidan, tana bin ƙofofi da kofin kofi a hannun hagu, biro a dama. Ƙarfe bakwai da 'yan mintuna ne, amma tana cike gurbin takwas, da na goma, da na sha biyu, da na biyu, duk a zama ɗaya.

Na ce, "Anti Darla, me kike yi haka?"

Ta ce, "Aiki nake ragewa, 'yar boko. Je ki cike na ɗakunanki tun yanzu ki huta."

"Ai ba mu juya kowa ba tukuna."

"Za mu juya, ranar da Allah ya ƙara mana hannu takwas." Ta kurɓi kofinta. "Tsofaffi talatin da ɗaya, mu uku. Ba a koya muku lissafi a jami'ar ba?"

Na ce mata ni ba na sa hannu a kan abin da ban yi ba. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta yi dariya, ta wuce.

Lissafinta daidai ne, wannan na gane shi tun makon farko. Kana wanke wannan, wancan ya faɗi a banɗaki, wata ta ƙi haɗiye magani, kafin ka ɗago awa uku ta wuce. Duk lokacin da ban samu juya mutum ba, sai in bar gurbin fayau. Takardun kowa cike tam, nawa kamar bakin da ya zubar da haƙora. Suka sa mini suna Madam Gurbi. Sau uku ina rubuta wa shugabar gidan, Misis Lindqvist, cewa ma'aikata sun yi kaɗan. Ba ta amsa ko ɗaya ba. Abin da ya biyo baya shi ne aka riƙa ba ni ɗakunan masu nauyi, in na danna ƙararrawa a zo a kama mini, ba mai zuwa. Abincin rana a motata nake ci, ina kallon dusar ƙanƙara tana rufe gilashi. Bayana ya fara ciwo har ba na iya ɗaura igiyar takalmi a tsaye. Ban yi kuka a gabansu ba ko sau ɗaya.

A ɗaki na goma sha huɗu Baba Vern Tollefson yake. Manomi ne ƙato, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, amma ta bar masa bakinsa. Wasu ranaku ɗakin nawa ne, wasu na Darla.

Da na shiga yakan ce, "Yauwa, mai tuya ta iso. Juya wainar nan, yarinya, gefen nan ya fara ƙonewa."

"Baba, in ka rage cin dankali da man shanu, da bayana ya gode maka."

"Bayan naki na birni ne. Matata Ardis da hannu ɗaya take ɗaga ɗan maraƙi."

Ni na fara ganin jan tabo a ƙasan bayansa, girman murfin kwalba. Na rubuta, na gaya wa likita, aka sa magani aka rufe da bandeji. Sai aka ɗauke ni daga ɓangaren har kwana tara.

Ranar Talata, ɗakin yana hannun Darla, ina wucewa da keken magani na ce, "Baba, ina wainar?" Bai amsa ba. Na shiga. Jikinsa zafi zau, idonsa a buɗe amma bai san ni ba. Na ture shi gefe ni kaɗai, na ɗaga bandejin. Warin ne ya fara dukana. Ramin ya isa in sa dunƙulen hannuna, can ƙasa kuma ina ganin farin ƙashi. Na kira likita, na kira motar asibiti. Ƙarfe goma da minti ashirin suka fita da shi. Bayan kwana shida ya rasu, ruɓar ta shiga jininsa.

Da aka ji hukumar jiha za ta aiko mai bincike, Misis Lindqvist ta kira ni ofishinta. Ta tura mini farantin biskit, sannan ta tura takardun juyi na Baba Vern na wata uku, da biro a kai.

Ta ce, "'Yata, na ƙirga. Gurbi arba'in da ɗaya babu sa hannu, kuma duk a ranakunki ne. Kin san yadda baƙo zai karanta wannan? Zai ce ke kaɗai ce ba ki juya shi ba."

"Ai ban juya shi ba a lokutan. Su ma ba su juya ba."

"Takarda ba ta faɗi haka ba. Lasisinki nake ji, wanda kika sha wahalar shekara huɗu a kai. Minti biyar ne ki cike su."

Ba zan yi ƙarya ba, na ɗauki biron. Uwata ta yi shekara ashirin tana goge benayen wata makaranta, hoton ranar da na karɓi digiri yana kan firij ɗinta. Na sake duban biron. Sannan na ajiye shi a kan biskit ɗin.

Darla tana jira a bakin ƙofa. Ta ce, "To, waliyiya, kin cike?"

"A'a."

"Za su gasa ki, kuma ba mai kawo miki ruwa."

Mai binciken, Mista Redfern, mutum ne mai sanyin magana. Ya zaunar da mu ma'aikatan uku a ɗakin cin abinci, ya baje takardun. Kamar yadda aka faɗa, da ni ya fara. Ya ɗora yatsa a kan guraben ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ko na san ƙa'ida. Na ce na sani. Ya tambayi Darla ko ta taɓa tsallake juyi. Ta ce a shekara goma sha tara, ga takarda nan ta isa shaida.

Na ce, "Yallaɓai, don Allah duba takardar ranar Talatar da aka kai shi asibiti."

Ya zaro ta.

"Ƙarfe nawa motar ta fita da shi?"

Ya duba wata takardar. "Goma da minti ashirin."

"To duba gurbin sha biyu, da na ƙarfe biyu."

Haruffan Darla suna nan, da shuɗin bironta. Sha biyu, an juya shi dama. Ƙarfe biyu, an juya shi hagu. Tun safe ta cike su kamar kullum, rikicin ranar ya sa ba wanda ya tuna ya soke.

Mista Redfern ya cire tabarau. "Misis Huseby, wa kika juya?"

 Daga nan ya sa aka kwaso masa takardun kowace ƙofa.

An karɓe lasisin Darla. Misis Lindqvist ta bar aiki kafin wata ya ƙare. Ni an bar mini nawa, amma da gargaɗi a rubuce wanda duk mai ɗaukata aiki zai gani har in tsufa, da wata shida ina aiki ƙarƙashin sa ido. Mutanen hukumar sun ce gurabena gaskiya ne, kuma gaskiyar ita ce sau arba'in da ɗaya mutum yana kwance a hannuna ban juya shi ba. Sun ce da shugaba ta ƙi amsa wasiƙuna, ya kamata in kai ƙara sama da ita. Ban yi musu ba.

Gwen, 'yar Baba Vern, ta zo kwashe kayansa wata ranar Asabar. Ta same ni a ɗakin ina shimfiɗa wa sabon mai zuwa gado.

Ta ce, "Ke ce Corinne? An ce ke kaɗai ba ki yi ƙarya ba."

"E."

"Ban zo gode miki ba." Ta naɗe hularsa ta gona ta cusa a jaka. "Ina kike a lokutan da ba ki juya shi ba?"

Na gaya mata waɗanda na tuna. Wata rana wata tsohuwa ta sarƙe da abinci. Wata rana ina riƙe da kan wani da ya fashe. Wata rana kuma ina cikin mota ina cin burodi, don na gaji.

 "Babana ya ce kina da hannu mai kyau," in ji ta, ta ɗauki jakar ta fita.

Har yanzu a gidan nake. An ƙara mana mutum ɗaya, mun zama huɗu. Ba mai cike takarda da safe kuma, ba kuma mai zama kusa da ni in ana cin abinci. Jiya a ɗaki na goma sha huɗu gurbin sha biyu ya wuce ni. Na bar shi fayau, na rubuta dalili a gefe, na aika kwafi can sama wurin hukuma, sannan na je na juya matar da ke kwance a ɗakin yanzu.