Ya Wuce Ta Nan

Umma ce ta matsa sai mun zo Kafanchan. A nan aka haife ta, lokacin da babanta yake aikin jirgin ƙasa, kuma tun da aure ya kai ta Katsina ba ta sake leƙowa ba. Da mantuwa ta fara kama ta, har takan ajiye buta ta koma tana nemanta, abu ɗaya ne bai bar bakinta ba: ruwan Matsirga, wanda yake zubowa daga saman dutse a bayan gari. Yayana Badruddeen ya ce kada a kai ta ko'ina. Ni kuma da taurin kai irin nawa na ce ai ba ɗaure ta za mu yi ba.

Wata budurwa 'yar Kagoro mai suna Hellen ce ke yawo da baƙi a ƙarshen mako. Ta jero mana abubuwan da ake zuwa gani: hawan dutsen Kagoro, gonakin citta, gwaten acca a kasuwa, sai kuma ruwan. Na ce mata hawan dutse dai a kai kasuwa, ni kaina gwiwata ba ta kai nan ba, balle tsohuwa.

Damina ce, kogin ya cika. Tun daga inda mota ta tsaya muke jin rugugin ruwan. Umma ta tsaya ta daɗe tana kallo tana murmushi. Hanyar gangarawa ƙasa tana da santsi, don haka muka shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin wani mangwaro, nesa da bakin ramin da ruwan yake zubawa. Ta ce mu je, tana nan tana lazimi. Muka gangara ni da Hellen. A hanya muka yi kiciɓis da wani dattijo mai farar riga yana haurowa, muka gaisa ya wuce.

Hoto kawai na ɗauka muka juyo. Da muka hauro, ga tabarma, ga carbi, ga gorar ruwa, babu Umma.

Ban san lokacin da na fara ƙwala kira ba, amma rugugin ruwan ya haɗiye muryata. Idona ba ya zuwa ko'ina sai bakin ramin, inda ciyawa ta kwanta ta jiƙe sharkaf.

Hellen ta riƙe hannuna ta ce, "Anti Amatullah, kar ki je wurin. Ni zan bi bakin ruwa. Ke ki bi hanyan mota, ki tambaya mutane."

Na bi hanya da gudu, mayafina yana jan ƙasa. Wayata ta yi ƙara, na duba, Badruddeen ne. Na mayar da ita jaka. Me zan ce masa? A gefen hanya na tarar da wani tsoho yana cirar ciyawa a gonar citta. Ko gaisuwar kirki ban yi masa ba.

"Baba, don Allah ka ga wata tsohuwa ta wuce?"

Ya miƙe a hankali yana dafe da ƙugu. "E, na gan shi. Ya wuce ta nan. Ya sa farin kaya."

"Ba namiji nake nema ba, Baba. Mace ce, mahaifiyata."

"To, shi ne. Ya bi wancan hanya, wajen gidan Keziya."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata wannan tsohon kunnensa ya yi nauyi, dattijon nan mai farar riga yake ba ni labari. Na juya ko godiya babu, ina jin yana kirana, ban waiwaya ba. Na koma bakin ruwan, wurin da Hellen ta hana ni zuwa.

Na durƙusa na rarrafa har inda zan iya leƙa ƙasa. Feshin ruwan ya jiƙa mini fuska. Can ƙasa, tsakanin duwatsu, wani farin abu yana lilo a cikin kumfa. Umma farin hijabi ta sa. Na ƙura ido har hawaye suka rufe mini gani, na kasa tantance ko tsumma ne ko buhu ne ko abin da nake tsoro. Hadari kuma ya fara haɗowa ta wajen Kagoro. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba, ina ta maimaita innalillahi ba tare da na kai ƙarshenta ba.

A haka Hellen ta same ni, ta janye ni baya da ƙarfi. Ta leƙa ta ce leda ce, tun safe take wurin. Ban yarda ba.

"Ba ki ga kowa a hanya ba?"

"Wani tsoho ne kawai a gona. Shi ma wani mutum daban ya gani. Wai ya wuce, ya sa farin kaya, ya tafi gidan wata Keziya."

Hellen ta saki baki tana kallona. "Anti, ai Mama ke nan. Baba Azariya ne, shi ko matan shi zai ce miki ya tafi kasuwa. Mu a nan 'ya' da 'ta' duk ɗaya ne."

Na sha jin irin wannan Hausar, har na sha kwaikwayonta a gida muna dariya. Amma ranar da nake bukatar in gane ta, kaina ba ya tare da ni. Muka kwasa a guje. Da muka zo gonar, tsohon yana tsaye a bakin hanya, ashe bai koma aikinsa ba. Ya nuna mana hanyar gidan da hannu, ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Gidan yana bayan wasu itatuwan giginya. Muka yi sallama muka shiga, yayyafi ya fara sauka. A ƙarƙashin rumfar kwano na gan ta, zaune a kan kujera 'yar tsugunno, farin hijabinta duk ƙaiƙayin ciyawa. Kusa da ita wata tsohuwa ce, Mama Keziya, suna ɓarar gyaɗa a faranti ɗaya suna hira kamar sun shekara tare. Har an ba ta kunu ta sha rabi.

Na tsaya ina haki, ga daɗi ga haushi, na rasa wanda zan fara da shi. Na ce, "Umma, kin kusa kashe ni."

Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa, da fara'arta irin wadda take yi wa baƙi.

"Sannu, baiwar Allah. Shigo daga ruwan mana."

"Umma, ni ce. Amatullah."

"Sunan da daɗi," in ji ta. Ta juya wajen Mama Keziya. "Babana bai taso daga tasha ba har yanzu? Ya ce in jira shi a nan, kada in je bakin ruwa ni kaɗai."

Mama Keziya ta dube ni, ta girgiza kai kaɗan, alamar kada in musa. Ta ce mata, "Yana zuwa. Jirgi ne bai shigo ba."

Duk mantuwar Umma, ba ta taɓa manta fuskata ba sai ranar. Hellen ta jawo mini kujera, na zauna kusa da Umma har kafaɗunmu na gugar juna. Ta matsar da farantin gabana, ta zuba mini gyaɗa a tafin hannu.

"Ke ma babanki kike jira?"

Na ce mata e.