Albasar Alhaji Rabo a Ajin Madam Hindatu

"Bisa! Ƙarƙashin! Cikin!" Yara sittin ke rerawa da Faransanci a gindin itacen bedi, iska na kwashe rabin muryarsu. Madam Hindatu ta kifa ƙwarya, ta tura takalmi ƙarƙashinta tana nuna musu.

Bayanta kuwa ga ajin siminti sabo fil, da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Ko makaho ya san abin da ke ciki, hanci ya ishe shi. Albasar Alhaji Rabo ce, surukin daraktan lakwal, wato shugaban makarantar, tana kwance a inuwa tana jiran kasuwa. Duk ƙauyen nan na gefen Tamaske an sani, amma baki ya mutu. Ga damina ta ƙarato, ranar da ruwa ya sauka karatu ya tashi ke nan.

Darakta ya ja ta gefe. "Gobe sufeton makarantu na tahe. Makulli ya ɓace, kin jiya? Ke hwa 'yar kwantiragi ce."

"Na jiya, mushe darakta. Darasina kawai za ni yi."

* * *

Sufeto ya zauna yana korar ƙuda da littafi. Hindatu ta ture ƙwaryar gefe.

"Yau misalinmu abin da ido ke gani. Yelwa, ina muke zaune?"

"Ƙarƙashin itace, madam."

"Ina akuyar Lantana?"

"Bisa katanga!"

Ta nuna ajin da ke kulle. "Mi ke cikin aji?"

Baki sittin suka tashi gaba ɗaya, har da masu wawulo: "Albasa tana cikin aji!"

Sufeto ya daina korar ƙuda. Darakta ya kama tarin da ba ya ji.

"Ranka ya daɗe, ƙuruciya ce..."

Sufeto ya katse shi. "Jimlar tasu daidai take, ko a gyara musu?"

Jama'a, sai ga makullin da ya ɓace ya fito daga aljihun darakta, lafiyarsa ƙalau!

* * *

Kafin la'asar amalanke huɗu sun yi layi. Alhaji Rabo da kansa, babbar riga a kafaɗa, yana jan buhu yana nishi, matan bakin rijiya na yi masa sannu da ƙarfi.

Ruwan farko ya tarar da Hindatu gaban allo, kwano na kiɗa bisa kansu, ba wanda ya jiƙe. Yaran dai a ƙasa suke zaune. Teburan ajin da aka fitar don a zuba albasa, har yau ba a ji gidan da suka kwana ba.