A Gaya wa Mai Motar

"Siddiq, hanya," na ce. Ban rufe baki ba motar ta sauka daga kwalta, ta gogi gefen wani Keke Napep, ta je ta kafa hanci a kwalbati. Muna dab da shiga Suleja ke nan.

Mai keken ya fito yana ruwan ashar, fasinjojinsa mata biyu suna salati, amma ba wanda ya ko ƙwarzane. Ni goshina ne ya bugu. Siddiq bai kula kowa ba, ya zagaya ya buɗe ƙofar baya inda mahaifinsa ke kwance, kansa bisa cinyar matarsa Hajiya Azumi. Ya kira shi, ya girgiza shi. Alhaji Abdulsalami ya riga ya cika.

Maƙwabcina ne Alhaji, katanga ɗaya ta raba mu tun ina koyarwa a firamare. Tela ne, shi ke ɗinka mini kayan zuwa coci, kuma bai taɓa gama ɗinki ranar da ya yi alkawari ba. Da ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa likitoci a Abuja suka ce a koma da shi gida, sai na bi babban ɗansa Siddiq muka je ɗauko shi.

Motar Siddiq irin ta zamani ce, mai allo a gaba kamar talabijin. Komai sai an lallashi allon nan, sanyi ne, rediyo ne, har hanyar gidan ubanka sai muryar wata baturiya ta faɗa maka. Tun fitarmu nake jin haushin abin. Da muka wuce Madalla ya ji nishin Alhaji ya lafa, sai ya ce, "Bari in sa wa Baba Yasin." Ya duƙufa yana ture-ture da yatsa, ya shiga nan ya fita can, surar ta ƙi fitowa, mota kuwa tana ta gudu.

Aka ciro motar muka ƙarasa gida. Kafin la'asar unguwa ta cika. An haƙa kabari, liman ya iso, ana jiran babban ɗa ya shiga a yi wa mamaci wanka. Siddiq ya zo ya zauna a dakalin ƙofar gidana ya ƙi motsi.

"Baba Barnabas, da wane hannu zan taɓa shi? Da ransa muka baro asibiti. Ni na kashe shi."

"Kwanansa ne ya ƙare, Siddiq."

"Kowa haka yake cewa. Amma kai ai kana wajen, ka gani."

Ni ma zaton da nake yi ke nan. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Yaron nan zai yi ta ɗaukar wannan kaya har ya tsufa.

Sai matata Esta ta leƙo ta ce Hajiya na son ganina. Na tsaya a tsakar gidansu kusa da randa, Hajiya tana bayan labule.

"Malam, sannu da ɗawainiya. An ce mai motar ya ƙi shigowa."

Siddiq ɗanta ne na fari, Hajiya kuwa mutuniyar da ce. Tunda nake ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana a gaban mutane.

"A gaya masa tun a Zuba Alhaji ya cika. Ya yi kalmar shahada a kunnena, ni na shafe masa ido."

"Hajiya, me ya hana ki faɗa?"

"Mutum na riƙe da sitiyari a ce masa ubansa ya rasu? Na bari sai mun iso gida. Da aka faɗa ramin kuma jama'a sun taru, ina zan iya buɗe baki da shi?" Ta ja hanci. "Ya gode wa Allah da ya tsare matan keken nan. Abin nan na gaban mota kuma, a ce ya fita harkarsa."

Rabon da in yi sauri irin wannan tun ina kora yara aji. Na zayyana wa Siddiq komai, har da na allon, wanda na ƙara wa gishiri.

Ya ɗago kai. "Ita ta faɗa da bakinta?"

"Ita."

"Wa ta ce a gaya wa?"

"Mai motar."

Dariya ta kufce masa, kuka ya biyo ta. Na bar shi ya yi mai isarsa. Da ya gama ya share fuska da hularsa, ya cire agogo ya miƙo mini, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Liman na tsaye a bakin ɗakin Alhaji da buta. Siddiq ya tuɓe takalmansa, ya jera su kusa da na mahaifinsa, ya ɗaga labule ya shiga.