Jar Riga a Jikin Akawu

Dokar ƙungiyarmu ta masu keke guda ɗaya ce, kuma yayana ne ya kafa ta. In mun fita ranar hutu, mutum ɗaya yana gaba, shi ne Jagora. Mutum ɗaya kuma yana can ƙarshe sanye da jar riga mai ɗaukar ido, shi muke kira Wutsiya. Duk mararrabar da aka iso, Jagora zai nuna wanda ke bayansa, wannan ya sauka ya tsaya yana nuna wa masu zuwa hanya. Ba zai motsa ba, ko kunama ce ta hau masa ƙafa, sai ya hango jar riga. Da ya hango ta ya san kowa ya wuce, sai ya ɗaga hannu ya hau kekensa.

Yaya ne Wutsiya tun da aka fara. A hawan tudu kunkuru ma ya fi shi sauri, amma a gangara tsohon nan ba ya ji ba ya gani. Kwanciya yake a kan keke ya saki birki, iska na kaɗa masa furfura ta ƙarƙashin hular kwano. Na yi faɗa har bakina ya gaji.

Ranar mun nufi tsohon garin nan mai ganuwa da ke bayan tuddai. An kwana ana ruwa. Gonaki sun jiƙe sharkaf, shanu sun tsaya jugum a gindin itatuwa, kuma muna hawa gajimare yana saukowa, har ya zama ba ka ganin wanda ke gabanka sai ƙyallin tayarsa ta baya.

A kan tudu na ƙarshe hanya ta rabu biyu. Ta miƙe ita ce tamu ta kullum: gangara mai tsawo, kwana ɗaya mai kaifi, sai gada, sai gari. Ta hagu zagaye ce, ba mai son ta. Nan na tarar da Tela, wanda Jagora ya bari, ya baje hannuwa ya tare hanyar miƙe.

“Hagu, Auta! Wani mai motar itace ya tsayar da Jagora, ya ce ruwa ya cinye gadar da asuba. Ba a ma sa alama ba tukuna.”

Na ce, “To ka gaya wa Yaya baki da baki. Ka san halinsa da gangarar nan.”

“Yanzu kai za ka koya min tsayuwa?”

Na bi hagu na bar shi.

Mun shiga garin ta tsohuwar ƙofa, kekuna na karkarwa a kan titin duwatsu. Lungunan ƙanana ne, gidajen sun jingina da juna kamar tsofaffi a layin asibiti. Muka jera kekuna a jikin bango muka cika shagon mai shayi, kowa na matse safa yana ƙaryar yadda ya ci tudu. Can sai ga Tela ya shigo yana busa hannu.

“Wutsiya na bayana,” in ji shi. “A zuba masa mai zafi.”

Ta taga na ga jar riga ta jingina keke. Na ɗauki kofi zan miƙa. Mai rigar ya sunkuyo ya shigo, ya cire hular kwano da tabarau, sai ga fuskar Akawu, sabon shiga cikinmu, siriri kamar tsinke, leɓensa na rawa.

Na ajiye kofin.

“Ina mai rigar?”

Akawu ya yi murmushi, bai san komai ba. “Ai Baba mutumin kirki ne. Ya ga ina kaɗuwa da sanyi ya cire ya ba ni. Tayarsa ce ta yi faci, ya ce in wuce, shi ya san hanya ko ido rufe, kar a bar mai tsayuwa yana daskarewa a banza.”

Na juya ga Tela.

“Ka gaya masa maganar gada?”

“Na hango ja cikin gajimare, na nuna hagu, ya ɗaga min hannu. Wallahi Auta na ɗauka...”

“Wace gada?” in ji Akawu.

Ban tsaya zagin kowa ba, ko da yake zagin ya zo min har wuya. Na kira wayar Yaya, ta yi ta ringi. Na san inda take, cikin ’yar jakar da ke ƙarƙashin sirdi, a naɗe cikin leda, inda ko mala’ika ne ya kira ba zai ji ba. Jagora ya ruga neman mota, amma motoci ba sa shiga cikin ganuwa, sai an fita can tasha. Na fizgi kekena. Na ji Tela a bayana yana cewa in jira shi.

Hanyar da na sauko da ita ina fito, yanzu ita zan hau. Na miƙe tsaye a kan feda ina takawa har cinyoyina suka kama wuta. Ina hawa ina roƙon Allah abin da ban taɓa roƙa ba: Ya sa facin ya ƙi kamawa, Ya sa famfon iskar ya karye, Ya sa yatsun Yaya su ƙage da sanyi ya kasa mayar da taya. Na tuna matarsa da safe tana miƙo masa gorar ruwa ta kan katanga, tana ce min, “Ka dawo min da shi da sauran ƙarfinsa.” Tsoro nake ji, irin wanda ke sa bakin mutum ya yi ɗaci. Duk inuwar da ta taso cikin gajimare sai in ce shi ne, sai ta zama kututture ko turken shinge.

Da na iso mararraba ba kowa. Na ƙwala kira ta ɓangaren da muka fito, shiru. Sai na duba ƙasa. Ruwa ya kwaso laka ya shimfiɗa a bakin hanyar miƙe, kuma a tsakiyar lakar akwai sawun taya guda ɗaya, siriri, sabo fil, ya nufi gangara.

Ban san lokacin da na bi shi ba. Na kwanta a kan keke ina ƙara taka feda, ni da nake wa wani faɗa. Iska ta cika min kunne, ruwa na dukan idona, itatuwa na wucewa kamar ana jefo su. A raina ba gada ba kogi, Yaya kawai, kamar in na ƙara gudu zan cim masa in riƙo rigarsa. Ina jin wata ƙara daga ƙasa tana ƙaruwa, ban ma tsaya tunanin ta mece ce ba.

“Birki! Auta, birki!”

Mutum ne a tsakiyar titi, daidai bakin kwana, cikin farar singileti. Hannu ɗaya a sama, ɗayan yana lilo a gefensa kamar ba nasa ba. Na damƙe birki biyu. Robar ta jiƙe, ta yi ta kuka ba ta kama ba, sannan ta kama gaba ɗaya. Tayar baya ta zame, keken ya juya gefe, na tafi da kafaɗa a kan kwalta har na daki ƙafafunsa. Bai matsa ba.

Na ɗago na dube shi. Rabin fuskarsa jini ne da tsakuwa, takalmi ɗaya ne a ƙafarsa, hular kwanon ta tsage.

“Yaya, ina kekenka?”

Ya nuna bayansa da haɓa. Na rarrafa na leƙa ta kwanar. Kwaltar ta ɗan ci gaba kaɗan, bai fi tsawon tsakar gida ba, sai ta ƙare kamar an gatsa. Ƙarafan gadar sun lanƙwashe sun yi ƙasa. Jan ruwa na tafe da itatuwa har da saiwarsu, yana wannan rurin da na ji tun daga sama. Ba keke, ba alamarsa.

“Na ga babu titi, sai na jefar da kaina,” in ji shi. “Keken ya wuce.”

“To me ya hana ka zama a gefe? Da na take ka fa?”

“Na san rigar za ta isa gari ba ni a ciki. Na kuma san wanda zai fara zuwa, da yadda zai zo.”

Na zauna a kan kwalta ina kuka kamar ba ni ne mai ’ya’ya a makaranta ba. Shi ma ya sulale ya zauna, ya rungume hannun da ya karye, idonsa na lumshewa. Can ya buɗe su da ƙyar.

“Kai kaɗai ka taho?”

Sai na tuna Tela, da ya ce in jira shi.

“To tashi,” in ji Yaya. “Ni ƙafafuna sun gama.”

Na miƙe na koma inda ya tsaya, a kan ɗigon jininsa, na baje hannuwa. Ba na ganin komai sai fari. Daga can sama na jiyo ta, ƙarar tayar da aka sake a gangara, siririya, tana matsowa da saurin da ban taɓa ji daga ƙasa ba. Duk jikina cewa yake in yi tsalle in koma gefe. Na dasa ƙafa, na buɗe maƙogwaro na fara kiran sunan Tela.