Gishirin Ɗakin Banda

Mahala ta sake kafta fartanya a daɓen ɗakin banda. Ƙasar ta ɓalle baƙa ƙirin, tana warin hayaƙi da tsohon kitse. Tun da yaƙin basasa ya tare jiragen ruwa gishiri ya ɓace a jihar Jojiya. Sai dai a haƙo ƙasar da naman alade ya shekara yana ɗiga a kai, a jiƙa, a tace, a dafa ruwan har ya ƙafe.

"Yaya, har yanzu miyar ƙasa kike dafa wa Uwargijiya?"

Ƙanwarta ce, Tempi, a bakin ƙofa. Ta saka riguna biyu, takalma rataye a wuya.

"Ke kuma daga safe zuwa yanzu kin yi ƙiba."

"Bar wasa. Sojojin Arewa masu shuɗin kaya sun iso gada. Duk bawan da ya kai gare su ya zama ɗa. Kowa ya bi ta gonar auduga, ke kaɗai nake jira."

"In Sipiyo ya dawo fa?"

"Tun kakar bara sojojin Kudu suka tafi da shi haƙa ramuka. Wa kika ga ya dawo?"

"Mijina bai san ko'ina ba sai nan. Ya zo ya tarar da ɗaki a rufe, wa zai tambaya? Kaji?"

Tempi ta soma dariya, dariyar ta ƙi ƙarasawa.

Mahala ta kankare gindin tukunya. Gishirin mai launin toka ne, ɗan kaɗan. Sipiyo ne mai shafa wa nama gishiri a wannan ɗaki tun yana saurayi, duk abin da ƙasar ta sha daga hannunsa ya zubo. Ta ƙulle rabi a tsumma ta cusa wa Tempi a ƙirji.

"Kada ku ci masara lami a hanya. Tafi, kafin in ga fuskarki da kyau."

Da la'asar layin bukkokin bayi ya yi tsit. Babu hayaƙi ko ɗaya. Wani ya manta akuya a ɗaure, tana ta kuka.

Uwargijiya Labiniya ta sauko daga babban gida cikin baƙar rigar takaba, ta tsaya nesa da toka.

"Sun tafi duka ko?"

"Sun tafi, ranki ya daɗe."

"Marasa kunya. Amma ke na san ba za ki bar ni ba, Mahala. Ke ta gida ce." Ta miƙo hannu. "Ina gishirin?"

Mahala ta dubi hanyar da aka bi da Sipiyo. Ragowar gishirin na cikin aljihunta, da sauran ɗuminsa.

"Yau ƙasar ba ta ba da komai ba."

Ta kwance akuyar, ta koma bukkarta, ta tokare ƙofar da dutse don kada iska ta rufe.