Kashi Na Uku

Zuliha tana tsaye a layin injin casa, ƙafarta ɗaya a kan buhun shinkafarta don kada a tsallake ta, sai ta hango Maman Fortune tana ratso tarin buntu tana ɗaga mata hannu. Ƙarar inji ba ta bari a ji magana. Sai da matar ta kawo bakinta daf da kunnen Zuliha.

"Maman Sumayya ce! Yanzu-yanzu!"

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba, Zuliha. Allah ya yi mata rasuwa."

Zuliha ta sauke ƙafarta daga kan buhun. Ta yi salati, ta sake yi, sannan ta juya ta kama hanyar gida ta bakin kanal ɗin ban-ruwa. Ko sallahun buhun ba ta bar wa kowa ba.

Maman Sumayya ita ce Kubra, wadda Zuliha ke kira Yaya. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Kura tun ranar da aka kawo Zuliha unguwar. Tare suke turara shinkafa, tare suke shanya. Abu ɗaya ne ba su haɗa ba, shi ne kallon fim. Zuliha ciwon kai yake sa ta. Kubra kuwa tun zamanin kaset babu wanda ya wuce ta. Da aka koma tura fim a waya, duk sabon da ya fito sai ta aika an turo mata. Kuma tunda take, ba a taɓa jin ta yabi ko ɗaya ba.

Za ta jingina wayar da tukunya, tana iza wutar durom ɗin turara shinkafa tana faɗa.

"Zuliha, zo ki ga abin takaici. Mace ta tashi daga barci da jan-baki, ga gashin ido kamar tsintsiya. A haka ta kwana?"

Ko kuma: "Wai uwarsa ce ta mutu. Ya faɗi yana birgima, amma dubi yadda yake kare agogonsa kada ya fashe."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ɗan ƙauyen cikin fim. "Sai su sa masa hula a karkace, ya ga fanka ya ruga da gudu. Don Allah duk faɗin Kura da Bunkure wa ya taɓa gudun fanka?"

"To Yaya, ki daina kallo mana."

"In na daina wa zai faɗa musu?"

"Jin ki suke yi?"

"Ke ai kina ji."

Sai ta ja tsaki mai tsawo, wanda har awaki kan ɗago kai.

Ciwon suga ya daɗe yana cin ta a hankali. Bara ya fara taɓa idonta. Fim na ƙarshe da ta gani da idonta na wata bazawara ne, wadda mijinta ya mutu ya bar mata gida da yara, ƙanin mijin ya zo da takardun ƙarya ya fitar da ita. An yanke kashi na ɗaya daidai lokacin da matar ta tsaya a ƙofar kotu, goyo a bayanta. Ranar Kubra ba ta yi tsaki ba. Cewa ta yi, "Wannan da ɗan dama-dama." Ita ma ta taɓa tsayawa a ƙofar alƙali a kan gonar marayunta, kuma ba ta samu ba.

Kafin kashi na biyu ya fito, idon ya rufe. Ƙoda ta biyo baya. Asibiti suka sallame ta, suka ce a je gida a ci gaba da addu'a. Bayan Babbar Sallah sai Sumayya, 'yarta, ta ji a rediyo cewa kashi na biyu ya fito, amma a sinima kawai ake nuna shi a cikin birni, ba zai iso waya ba sai bayan watanni.

Zuliha ta shigo da kunun gero ta tarar ana maganar. Kubra tana kwance a kan katifa, ƙafafunta sun kumbura suna ƙyalli.

"Umma, bari in je in kallo miki," in ji Sumayya.

"Ke? Ki dawo ki ce min leshin wance ya yi kyau, ɗaurin wance ya zauna? Ke kaya kike kallo, ba labari ba." Ta juya fuska wajen da take jin motsin cokali. "Zuliha ce za ta je."

"Ni, Yaya? Ni da ko sunayensu ban sani ba?"

"Shi ya sa. Ba za su burge ki ba. So nake in ji ko matar nan ta karɓi gidanta. Shi kenan abin da nake so."

Da Zuliha ta gaya wa mijinta, Malam Uba, sai da ya ajiye butar da ke hannunsa.

"Sinima? Ke, da girmanki? Gobe a majalisa a ce matar Uba ce aka gani a gidan kallo?"

"Malam, matar nan ba za ta ga girbi ba."

Ya daɗe yana kallon katanga. Ta bayanta ana jin tarin Kubra.

"Ki sa babban hijabinki. In an tambaye ni, dubiya kika je."

"Ai dubiyar ce."

Maman Fortune ce ta raka ta, don ita ke kai albasa birni, ta san hanya. 'Yar Filato ce, amma a Kura ta haifi duk 'ya'yanta. Ta riƙe hannun Zuliha a kan matattakalar nan mai tafiya da kanta, tana dariya tana cewa, "Ɗaga ƙafa, Hajiya, ba kanal za ki tsallaka ba." Ɗakin kallon sanyi kamar cikin firji, ga duhu, ga samari da 'yan mata suna ta ɓarzar gugguru. Zuliha ta ƙudundune cikin hijabi, ta zuba ido, tana haddace komai.

Aka nuno bazawarar a ƙofar kotu. Ta ɗaga ƙafa za ta shiga, sai ga wata doguwar mota ta ɗan buge ta. Wani alhaji ya fito yana ba da haƙuri. Ya kalle ta, ta kalle shi, sai kiɗa ya tashi. Kafin Zuliha ta gyara zama, ga su cikin furanni suna rawa.

"Ina goyon?" ta tambayi Maman Fortune.

"Wane goyo?"

"Yaron da ke bayanta!"

Wata budurwa ta waiwayo. "Haba Baba, a yi shiru mana."

Ba a sake ganin yaron ba. Ba a sake ganin kotun ba. Matar ta yi ta canza kaya, kowace waƙa da nata. Ƙanin mijin ya yi hatsari ya manta sunansa. Can kusa da ƙarshe, ana tsakiyar ɗaurin aurenta da alhajin, sai ga mijin da aka binne a kashi na ɗaya ya shigo da jakar tafiya, ya yi ƙiba, wai ɗan tagwayensa aka binne. Matar ta dafe ƙirji ta sulale ƙasa a hankali, tana gyara mayafi. Rubutu ya fito a allo, mutane suka fara tashi.

"Me aka rubuta?" in ji Zuliha.

Maman Fortune ta karanta mata. "Wai mu haɗu a kashi na uku. Sallah mai zuwa."

A mota Zuliha ta yi ta juya abin da ta gani a ranta. Rawar ba ta dame ta ba, matattun da ke dawowa da jaka ma ba su dame ta ba. Sallah mai zuwa ce ta tsaya mata a wuya. Da wane baki za ta ce wa mai kumburarrun ƙafafun nan ta jira baɗi? Kafin su wuce shingayen albasa na bakin gari, ta yanke abin da za ta yi.

Washegari da hantsi ta zauna a gefen katifar. Sumayya ta tallafo uwarta ta jingina ta da filo.

"To, ba ni. Kada ki tsallake komai."

Zuliha ta gyara murya. "Ta shiga kotun, Yaya. Alƙali ya ce ina shaidunta. Ta ce ba ta da kowa sai maƙwabta. Aka kira wani tsoho, magini, wanda shi ya ɗora tubalin gidan. Ya ce shi dai marigayi ne ya sa shi aiki, kuma a gabansa ya ce gidan na yaransa ne."

"Uhm."

"Aka duba takardun ƙanin, aka ga ranar da aka rubuta a jiki, marigayin yana kwance a asibiti. Alƙali ya ce a ba ta gidanta. Ta koma ta share tsakar gida, ta sauke goyon, ta ɗora tukunya. Shi kenan, aka tashi."

Sumayya tana share ido da bakin zani. Kubra ta daɗe tana juya bakinta kamar mai ɗanɗana miya.

"Waƙa nawa aka yi?"

"Waƙa? Ba a yi ba."

"Kaya fa? Sau nawa ta canza?"

"Da zaninta ɗaya ta gama."

"Zuliha."

"Na'am, Yaya."

"Ido ne ya tafi, ba hankali ba. Mutanen nan, da na sani tun suna yara a kaset, su ne za su kira magini kotu? Su ne za su tuna da goyo? Wannan labarin mai hankali ne ya tsara shi. A mota kika haɗa shi ko a bakin murhu?"

Zuliha ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta.

"Ni na aike ki ki ji tausayina? Tun da aka dawo da ni daga asibiti kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. Kunu ba suga, magana ba gishiri. Ba ni abina yadda yake."

Sai Zuliha ta ba ta. Ta faɗi motar, ta faɗi furannin. Tun tana yi a sanyaye har muryarta ta ɗaga, don takaicin jiya bai sauka ba.

"Yaya, yaron nan ɓat! Ko wanda ya tambaya babu!"

"Sun mayar wa uwarsa, kuɗin haya ya ƙare. Ci gaba."

"Ƙanin kuma wai ya manta sunansa."

"Na san za a yi! Kansa ya bugu ko? An naɗa masa bandeji a kan hula?"

"A kan hula, wallahi!"

Kubra ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, Sumayya ta kawo ruwa ta ture. Fuskar da ta yi makonni a kwance ta tashi. Da aka zo kan mijin da jakarsa, ta daki katifa da tafin hannu.

"Mun yi masa sadakar uku, mun yi ta bakwai, ashe yana can yana cin kaza! Allah wadaran wannan aiki. To sai aka yi yaya? Gidan fa?"

Zuliha ta shiga gyara bakin katifa.

"Gidan fa, na ce?"

"Ba a faɗa ba, Yaya. Wai sai a kashi na uku."

"Yaushe?"

"Sallah mai zuwa."

Sumayya ta tashi ta fita tsakar gida. Kubra ta kwantar da kanta a kan filo, idanunta farare suna kallon rufi. Zuliha ta ji kamar ta mayar da maganar cikinta. Can sai Kubra ta tattara ɗan numfashin da ya rage mata, ta ja tsakin da Zuliha ba ta taɓa jin mai tsawonsa ba.

"Su riƙe abinsu. Ni dai Allah ya raba ni da na uku." Ta lalubo hannun Zuliha ta matse. "Amma naki ɗin nan, na maginin. Bayan ta ɗora tukunyar, me ta dafa?"

"Ban kai nan ba, Yaya."

"To ki kai. Ba a barin mace da tukunya a wuta."

Ranar ta shanye kununta tas, ta ce a ƙaro. Bayan haka ba ta ƙara doguwar magana ba, barci ya yi ta ɗaukar ta, har zuwa safiyar da Zuliha ta tafi inji.

Da Zuliha ta iso daga injin, gidan ya cika da mata. Ita da wata dattijuwa suka yi mata wanka. Bayan azahar maza suka ɗauke ta, Malam Uba yana riƙe da gaban makara. Buhun shinkafar kuwa mai injin ne ya aiko da shi a kan babur, an cashe, an ɗinke baki.

Yanzu Zuliha ita kaɗai ke zuwa filin shanya. Takan baza shinkafar a kan tamfol, ta cire takalmi, ta shiga tana jan layi da ƙafa daga wannan gefe zuwa wancan. Mai wucewa zai ga bakinta yana motsi, ya ɗauka tasbihi take. Wani lokacin tasbihin ne. Wani lokacin kuma labarin bazawarar take ci gaba da shi. Matar ta dafa dambu a ranar farko. Ta gyara ɗakin da ke yoyo, ta sa babban yaron a makaranta, ta karɓi aron fili a bakin ruwa. Jiya ta dasa tumatir. Yau Zuliha ta kai ƙarshen tamfol, ta juyo, ta fara sabon layi, tana tunanin wa zai taya matar ban-ruwa.