Tabon Keken Ɗinki

Shekara goma sha bakwai tana aikin jinya, amma ranar da ƙanenta Auta ya tuɓe takalmi ya nuna mata ƙafarsa, ko sunkuyawa ba ta yi ba.

"Yaya, dubi baƙin tabon nan. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, sai dai kullum ƙara faɗi yake."

"Kai dai da raki! Telan da ke taka keke tun safe har yamma, me kake so ƙafarsa ta yi, sheƙi?" Ta zaro man shafawa daga jaka ta miƙa masa. "Safe da yamma. Kada ka kuskura ka tsallake."

Ita kaɗai a gidan ta san yana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Ita ke karɓo masa ƙwayoyinsa a ɓoye, ita ke yi masa faɗa in ya makara sha. To ai wadda ta san wannan ita ya kamata gabanta ya faɗi. Ina! A littattafan da ta karanta, mugun tabon da ke bin masu cutar nan ja ne a kan farar fata. Na Auta kuwa baƙi ne a kan baƙi, kamar tsohuwar ƙuna. In mai ya ƙare, sai ta kawo wani.

Bayan wata tara tabo ya zama bakwai, ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga takalmi, ga tari, keke ya tsaya cak. Sai a sannan ta kai shi wurin likitan fata. Likita ya haska bakin Auta da tocila, ya yanki 'yar fata aka kai gwaji.

Ranar sakamako likita ya juya takardar a hankali.

"Sista, sankarar fata ce, irin wadda ke bin masu cutar nan. Ta shiga baki, hoton ƙirji kuma ya nuna ta taɓa huhu. Za mu fara magani. Amma da tun yana tabo ɗaya aka kawo shi..."

Don kunya da baƙin ciki ta kasa ɗaga ido.

Auta ya zaci shi ake wa faɗa. Ya lalubo leda daga aljihu ya zazzage a kan tebur: robobin man shafawa goma sha ɗaya, duk an matse su tas.

"Wallahi, Likita, ba sakaci na yi ba. Ga su nan. Yaya, gaya masa mana, ko rana ɗaya ban tsallake ba."